Ido Ba Ya Kara

Igiyar ba ta fi tsawon hannu ba. Yaya ne ya tufka ta da kansa daga tsohuwar igiyar tayar da janareta, ya yi mata zarge a kowane baki, ɗaya na wuyan hannunsa, ɗaya na wuyan hannun Auta. Da ita suka yi wata da watanni suna zagaya filin makarantar da ke bayan gidansu, da ita kuma za su shiga gudun famfalaki na babban birni, wanda ake rufe wa tituna sau ɗaya a shekara.

Yaya mai walda ne, kafin hawan jinin ido ya cinye masa gani. Auta kuwa ƙanensa ne, na ƙarshe a ɗakin Inna, akawu a wani kamfanin sufuri. Ya yi karatu, ya tara gemu, a ofis har tsawa yake wa direbobi, amma da ya sako ƙafa cikin gida sai ya koma Auta, wanda ake aika ya rufe taga.

Gidan nan yana da wata ɗabi'a da ya daɗe da ita: ba a faɗa wa mutum abin da zai ɓata masa rai. Su tausayi suke kiran abin. Da yawa daga gidajenmu haka suke, a lulluɓe miki da kyakkyawan zane, a zauna ana fifita, har sai wari ya tona asiri. Ranar da likita ya ce idon Yaya ya tafi ke nan, Kawu, wato ƙanen Inna, shi ya shiga ya ji bayanin. Ya fito yana gyara hula ya ce, "Likita ya ce a yi haƙuri, a hankali zai washe." Yaya ya zauna a ɗakin baya yana jiran washewa, kullum da safe sai ya juya fuska wajen taga ya gwada. Sai da wata ma'aikaciyar asibiti, wadda ba ta san dokar gidan ba, ta tambaye shi ko ya fara koyon tafiya da sanda, sannan ya gane.

Bayan ido sai shago. Kawu ya sallami yaran, ya sayar da injin walda da sauran ƙarafa, mai gida ya ba wa wani haya. Ba wanda ya gaya wa Yaya. Duk ƙarshen mako Kawu zai leƙa ɗakin baya ya ce, "Yaran shago suna gaishe ka, aiki sai godiya." Auta yana ji, ya sunkuyar da kai ya wuce. Bai taɓa yin ƙaryar da bakinsa ba, wannan kuma shi ne ɗan bargon da yake rufa da shi in abin ya dame shi.

Wata rana da hantsi Yaya ya lalubo hanya ya fito tsakar gida, inda Inna ke tsintar shinkafa.

"Inna, zan koma shago."

"Ka yi me a can, ɗan nan? Ka taka wuta?"

"In zauna a bakin ƙofa. Hannu na ji, kunne na ji. In yaro ya yi haɗin banza a ƙarfe, yatsana zai gaya mini. Zaman ɗakin nan ya fi makantar ciwo."

"Titi fa? Motoci fa? Kai da ko ƙofar gida ba ka kaiwa sai ka yi karo da tulu."

"Jiya na ji a rediyo, makafi na shiga gudun nan na birni. Ana ɗaura su da mai ido, su zaga gari kaf. In na zaga garin nan da ƙafata fa?"

Inna ta yi dariya, irin dariyar da ake wa yaro in ya ce zai auri wata. "To, ka zaga tukuna. Ranar da ka gama, ni da kaina zan kama hannunka in raka ka shagon."

Ta ɗauka mako ɗaya zai yi ya gaji. Ba ta san ta ba mai jin ƙishi labarin rijiya ba.

Da Kawu ya ji, sai da ya riƙe ciki. "Ai shi ya sa ake ce masa gudun ya da ƙanin wani! To wannan karon ba na wani ba ne, naka za ka yar. Auta, ka bar wasiyya, kai da hawa benen ofis ke sa ka haki."

A filin makarantar akwai wani tsohon soja da ke horar da 'yan gudu, kowa Saja yake ce masa. Kwanakin farko ya tsaya ya harɗe hannu yana kallonsu. Auta na gudu yana cewa, "Yaya, a ɗan yi hankali, kamar akwai ɗan dutse a gaba, in ba damuwa a ɗan karkata..." Kafin ya kai ƙarshe Yaya ya riga ya sha ƙasa.

"Kai, mai gemu!" Saja ya daka masa tsawa. "Gaisuwar surukai ka zo yi? Ka ce dutse! Ka ce rami! Ka ce tsaya! A gida yayanka ne, a kan igiyar nan kai ne idonsa. Ka taɓa jin idonka ya ce maka in ba damuwa? Ido ba ya kara. Abin da ya gani shi yake faɗa, ko da daɗi ko babu."

Auta ya koya, da ƙyar. Ranar da ya fara ce wa wansa "Tsaya!" ba tare da ladabi ba, sai da ya ji kamar ya zagi Inna. Yaya kuwa dariya ya yi ya ce, "Yau na yi ido." Ƙafafunsa suka yi ƙarfi, tumbin zaman ɗaki ya zube, ya koma cin abinci da hannu biyu. In suna hutawa ba shi da zance sai na shago: inda zai ajiye kujerarsa, yaron da zai kora, da wanda zai ƙara wa matsayi.

Ana gobe tsere aka manna taswirar hanya a bangon ofishinsu Auta. Ya bi jan layin da yatsa, ya haye gada, ya zaga kasuwar kayan gini, sai yatsan ya tsaya. Can wajen ƙarshe-ƙarshe, hanyar ta bi ta layin shagon Yaya, ta gaban ƙofar sak.

Da yamma ya sami Inna a kicin, Kawu na zaune bakin ƙofa yana shan shayi.

"Inna, hanyar ta bi ta gaban shagon. A gaya masa yau."

Inna ba ta ɗago daga kan tukunya ba. "To ai ba gani yake ba."



"In ya tambaya ka ce an rufe saboda tseren," ta ƙara. "Kana so ka karya masa zuciya ana gobe? Ku masu boko komai sai kun fasa shi kun ga cikinsa."

"Bar shi, Yaya," in ji Kawu, don haka yake kiran Inna. "Ina zai kai can? Kafin rana ta take za a kwaso mana su a mota. Kai dai ka riƙe bakinka, Auta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare."

Auta, mutumin da ke rubuta wa manaja takardar ƙorafi mai zafi a kan tayoyin da suka suɗe, ya fita daga kicin ɗin uwarsa sumui-sumui.

Washegari tun gari bai gama wayewa ba suka isa dandalin da za a tashi. Mutane kamar ƙasa, kowa da lamba a ƙirji, wasu na tsalle, wasu na miƙa, wasu na ɗaukar hoton takalmansu. Babban baƙon da zai buɗe tsere ya makara, da ya zo kuma ya kama lasifika ya ƙi saki, yana yabon birni da tsabtarsa, rana kuwa ba ta jira shi ba. An shafe bakin titi da farin fenti iyakar inda kyamara za ta kai.

Da aka harba bindiga, 'yan gaba suka ɓace kamar an zare su. Sauran jama'a suka bi a cunkushe.

"Mutum a gaba. Dama. Kwalba, ɗaga. Miƙe."

Igiyar na rawa tsakaninsu, ba ta ja ba ta saki. Mutanen bakin hanya na ganinsu sai ihu ya tashi. "Allah ya ƙara ƙarfi, babban yaya!" Wani mai tumbi cikin rigar kamfani ya manne musu yana huci kamar tsohon injin niƙa.

"Malam, babu sauran wuri a igiyar nan? Ku ja ni, don Allah. Ogana ne ya rubuta sunana, ni ko bas ban taɓa bi da gudu ba."

"Igiyar ta mutum biyu ce," in ji Yaya. "Kai kuwa daga hucinka na ji ka kai uku."

Mai tumbi ya yi dariya har ya sarƙe, suka bar shi a baya yana tari.

Rabin farko ya tafi lafiya. Suka haye gada, Yaya ya ce ya ji iskar ruwa a fuskarsa. Suka wuce unguwar bankuna, inda makaɗa ke kiɗa a inuwa. Daga nan fenti ya ƙare, tafi ya ƙare, rana ta sauko ta zauna a kan kowa. Gudu ya koma sassarfa. Waɗanda suke tare da su suka yi ta raguwa, wani ya zauna a bakin titi ya cire takalmi, wata ta kama sandar fitila tana amai.

A teburin ruwa na gaba, ma'aikata sun riga sun fara naɗe rumfa, suna loda katan-katan na ruwan da ba a buɗe ba a bayan wata ƙaramar mota. Manya sun wuce, kyamara ta wuce, wanda ya rage ai shi ya so. Auta ya fizgi kwalba ɗaya daga hannun wani, bai tsaya jin zagin ba.

"Mene ne?" in ji Yaya.

"Babu komai. Sha."

"Akwai mutane a bayanmu?"

Auta ya waiga. Titi fayau, sai wani dattijo da ke ɗingishi, can nesa kuma wata doguwar bas tana tafe a hankali da fitila mai walƙiya, tana kwashe waɗanda suka gaza.

"Da yawa," ya ce.

Ita ce ta farko da ya yi da bakinsa, ta kuma fito da sauƙi har ta ba shi tsoro. Ta biyu ta fi ta sauƙi. Yaya ya tambaya ko sun kusa, ya ce sun kusa. Ya tambaya ko shi Autan lafiya yake, don yana jin igiyar na nauyi, ya ce garau, alhali cinyarsa kamar ana tsaga ta da reza. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, amma furen nan da saurin buɗewa yake.

Suka zaga kasuwar kayan gini, hanya ta ɗan gangara. Yaya ya ɗaga hanci. Ƙamshin gidan burodi, sai ƙaurin roba daga wajen mai faci.

"Auta! Layinmu ne wannan."

"Shi ne."

Yaya ya miƙe ƙirji, ya sa hannun da ba igiya ya gyara lambar da ke rigarsa, ya share gumin fuska. Gajiyar ta bar ƙafarsa, har shi ke jan Auta. "Bayan mai faci sai kantin magani, sai mu. Sun fito? Ka ga yaran? Na san ja'iran nan, sun ji a rediyo."

Auta na ganin shagon. An shafe shi da shuɗin fenti, an jera hotunan kawuna iri-iri a bango, wani saurayi na tsaye a ƙofa da tawul a kafaɗa da injin aski a hannu. Idon Auta ya kafe a kan shuɗin fentin, kansa na ta auna kalmomin da Inna ta ba shi.

"A rufe yake, Yaya. Sun rufe saboda tseren, ka san an tare hanya, komai lafiya lau..."

Igiyar ta fizge shi ƙasa.

Murfin kwatar da ke gaban kantin magani ya daɗe da karyewa. Tun Yaya na da ido ake cewa za a gyara, mutanen layi sun saba da tsallake shi, masu shirya tsere kuwa ba su zo nan da fentinsu ba. Ƙafar Yaya ta faɗa har gwiwa, haɓarsa ta daki kwalta, Auta ya kife a kansa.

"Subhanallahi! Sannu, sannu!" Mai askin ne ya rugo. "Kama shi ta can, malam. Ku kawo shi shagona ya zauna, akwai auduga da ruwan wanke ciwo."

Suka ɗago Yaya, jini na bin ƙwaurinsa, suka taka da shi 'yan matakalun. A bakin ƙofa Yaya ya miƙa hannu don ya dafa, tafinsa ya sauka a kan ƙyauren ƙarfe. Sai ya tsaya cak. Yatsunsa suka bi gefen ƙyauren, suka sauka kan ƙusurwa, suka shafa haɗin da ke wurin, suka koma suka sake shafawa. Daga ciki ƙamshin hoda da man gashi ke fitowa.

"Wannan ƙofar ni na haɗa ta," ya ce a hankali.

"Allah sarki, kai ma ka yi aiki da mai waldar?" in ji mai aski yana buɗe kwalba. "Ai da wurin walda ne. An ce maigidan ya makance, danginsa suka zo suka kwashe kaya. Na daɗe a nan, ban taɓa ganinsa ba, ko yana raye..." Ya ɗago ya dubi idanun Yaya, ya dubi igiyar, maganar ta mutu a bakinsa.

Yaya bai zauna ba. Ya sa yatsa ya zare zargen daga wuyan hannunsa, ya saki. Igiyar ta rataye a hannun Auta ita kaɗai.

"Ramin nan, ka gan shi?"

"Ban gani ba, Yaya."

"Me kake kallo?"

"Ƙaryar da zan yi maka."

"Kai ma?"

"Inna ce ta ce..."

"Ban tambaye ka Inna ba. Inna ba ta ɗaura igiya da ni ba. Kawu bai ɗaura ba. Na san akwai abin da ake rufa a gidan nan, ni makaho ne, ba jaki ba. Yaran da na raina ba za su yi ta aiko gaisuwa ba tare da ɗaya ya tako ba. Amma na ce akwai mutum ɗaya da in ya ce rami, rami ne, in ya ce hanya, hanya ce. Na ba ka ƙafata, Auta."

Bas ɗin ta iso ta tsaya a gabansu. Wata ma'aikaciya mai rigar walƙiya ta leƙo. "Ku hau, bayin Allah, lokaci ya wuce. Yanzu za a saki motoci." Ta taga mai tumbi ya zuro kai, da kwalbar ruwa a hannu. "Babban yaya! Hau, akwai iska a nan. Wallahi tseren ya fi daɗi a zaune."

"Yaya, mu hau," in ji Auta. "Kana jini."

Yaya ya sauko daga matakalun shi kaɗai, hannu ɗaya a gaba yana laluben iska, ya bi gefen bas ɗin ya wuce ta. Ma'aikaciyar ta ɗaga kafaɗa, direba ya ja. A bakin mahaɗa 'yan sanda suka janye shinge, motocin da aka tsare tun safe suka kwararo da fushinsu. Yaya kuwa ya karkata, yana tafiya tsakiyar titi.

"MOTA! TSAYA!"

Muryar ta fito daga cikin Auta ba ladabi ba kara. Yaya ya ƙame a inda yake. Wata motar kaya ta wuce ta gabansa har iskarta ta kaɗa lambar ƙirjinsa, yaron motar na zagi. Auta ya iso ya tsaya a gefensa, bai taɓa shi ba.

"To," in ji Yaya. "Ashe idon na nan. Faɗa mini abin da ke gabana. Duka."

Auta ya faɗa. Ya ce an buɗe hanya, babu shinge babu mai tafi. Su ne na ƙarshe, dattijon da ke bayansu ma ya hau bas. Babu sauran ruwa a gaba. Ba su kusa ba, da sauran tafiya mai yawa. Gwiwar ta tsage, za ta buƙaci ɗinki. Shi kansa cinyarsa ta riƙe, bai san ko zai kai ba. Injin walda Kawu ya sayar, yaran sun watse, ɗaya na tuƙa babur. Inna ta sani tun ranar farko. Shi ma ya sani tun ranar farko. Yana faɗa yana kuka, gemu da majina, a tsakiyar titi, direbobi na kewaya su suna danna ƙaho.

Yaya ya saurara har ƙarshe. Sannan ya miƙo wuyan hannunsa.

"Yaya, me za mu je yi? Shagon babu."

"Inna ta ce ranar da na gama, ita da kanta za ta raka ni shago. Ina so in ji inda za ta kai ni."

Auta ya mayar masa da zargen. Mai aski ya biyo su da gudu ya ɗaure gwiwar da tsabtataccen tawul, ya cusa wa Auta ruwan da yake sha. Suka koma gefen titi. Ba gudu ba ne kuma, jan ƙafa ne tsakanin masu talla da babura da kwatoci.

"Rami. Hagu. Babur. Tsaya. Tafi. Ɓawon lemo."

"Kai fa?"

"Ina mutuwa."

"Madalla. Ci gaba."

Rana ta karkata kafin su hango dandalin. An kwance ƙofar da ake ratsawa in an gama, ƙarafanta na zube a ƙasa. Leburori na loda kujeru, masu shara na tara kofunan roba. A ƙarƙashin wata bishiya Inna na tsaye, ta tsufa a yini ɗaya, Kawu na gefenta da waya a hannu.

Kawu na hango su ya rugo yana tafi, yana yi wa leburorin alama da kai su taya shi. Biyu suka tafa don kunya.

"Barka, barka! Namijin duniya! Ga jama'a nan sun cika fili suna jiranka!"

Yaya ya ɗan ja igiyar. "Auta?"

Inna ta zuba wa Auta ido, ta girgiza kai a hankali, irin girgizar da ta raine shi da ita. Auta ya kau da ido daga kanta, ya juya ga wansa.

"Babu jama'a. An tashi. Leburori ne da masu shara, sai Kawu, sai Inna. Layin da ake tsallakewa yana nan a ƙasa, yana gabanka. Inna na yi mini ido in yi shiru."

"Kai, ɗan banza!" in ji Kawu. "Haka aka koya maka a bokon?"

Yaya ya ɗaga ƙafar da ke ɗaure da tawul ya taka layin. Sannan ya zare zargen, ba daga hannunsa ba, daga hannun Auta, ya miƙa shi wajen da yake jin shessheƙar uwarsa.

"Inna, na gama."

"A bari ya huta mana," in ji Kawu. "Maganar shago ai ba ta yau ba ce, yaran ma..."

"Rufe mini baki," in ji Inna.

Ta daɗe tana kallon igiyar, baƙa ƙirin da gumi da dattin titi. Sannan ta zura hannunta a ciki.

"Babu shago, ɗan nan."

"Na sani. Daga bakinki nake so in ji."

"Na ce ko zuciyarka..."

"Zuciyata ta zaga gari yau, Inna, ba ta fashe ba. Gobe za ki raka ni wajen masu ƙarfe. Wani zai so mai kunne a bakin ƙofarsa. In an kore mu, ki gaya mini an kore mu."

Inna ta goge fuska da gefen mayafi, ta juya da shi wajen titi inda za su sami mota. Ba ta dubi Auta ba, ya kuma san za a daɗe ba ta dube shi ba. Ya biyo su a baya yana ɗingishi, wuyan hannunsa na zafi inda igiyar ta ci.

"Taho, ɗan nan," Inna ke cewa. "A hankali. Babu komai a gabanka, babu komai."

Ɗaya daga ƙarafan da aka kwance na kwance a gicciye, daidai ƙwaurin Yaya.

"Ƙarfe!" in ji Auta.